Ƙunshin da Na Yi wa Umma

Har yanzu ba na iya jure ƙamshin lalle. Shekaranjiya maƙwabciyarmu ta kwaɓa a tsakar gidansu, iska ta ɗebo ƙamshin ta kan katanga, ban san lokacin da na bar wanke-wanke na shige ɗaki ba, hannuna duk kumfa. An kusa wata uku da faruwar abin, amma jikina bai gama dawowa daidai ba.

Ni ce auta a gidanmu, a unguwar Takur. Yayyena duk sun yi aure sun watse, ni kaɗai na rage da Umma da Baba, na gama sakandare ina zaman jiran abin da Allah zai yi. Baba direba ne, tun safe yake fita sai magariba. Don haka gidan ni da Umma ne, Umma kuwa ita kaɗai ta isa ta cika gida.

Mace ce mai jiki sosai. Ba ta yarda ta hau babur zuwa kasuwa. Takan ce masu babur suna hango ta suke kau da kai kamar ba su ji kira ba, to ita ma ba ta bukatarsu. Da ƙafa take zuwa gidan suna, da ƙafa take zuwa gaisuwar mutuwa, ko da a ƙarshen unguwa ne can gindin duwatsu, ni ina biye da ita ina haki, ita tana gaba tana gaisawa da kowa. In biki ake yi aka kifa ƙwarya aka fara kiɗa, sai an yi mata fili. Ƙiba ba ta taɓa zama abin kunya a wurinta ba. Mata sukan ce mata Malam ya iya kiwo, ta yi dariya har wushiryarta ta fito. Wannan matar nake kewa, alhali tana nan a ɗaki, bango ɗaya ne tsakanina da ita.

Shekara uku da suka wuce aka gano tana da ciwon suga. Ƙishirwa ce ta fara damunta, ta sha ruwan randa kofi uku a tsaye ta ce bai kai mata ko'ina ba, ga yawan fitsari, ga kasala. Da aka gwada jininta a asibiti, likita ya ce suga ne, kuma ƙibar tana cikin abin da ya jawo shi, sai ta rage. Umma ta dube shi, matashi ne sa'an babban yayana, ta ce, "Likita, shekara talatin ina tara jikin nan, kai kuma so kake in zubar da shi kafin Sallah?" Ya yi dariya, ya ce ko kaɗan ta rage zai taimaka, ya rubuta mata ƙwayoyin sha safe da yamma.

Daga nan na zama mai riƙe katin asibiti. Duk wata mukan je layin masu suga, a hau sikeli, a gwada hawan jini, a soki yatsa. A gida ma na koyi aiki da 'yar na'urar gwaji. Tuwo ya koma malmala ɗaya ƙarama, miya da ganye suka yi yawa, wake da zogale suka zama na kullum. Ta bar fura mai sukari, ta bar lemon kwalba, ko da yake na sha kama ta da guntun alkaki a bakin zane idan ta dawo daga biki. Sai ta ce, "Na jikokina ne." Jikokin kuwa suna Garki.

A layin akwai wata nas babba mai gilashi, kowa Sista yake ce mata. Ita ke duba ƙafa. Wata rana ta sa Umma ta cire takalmi ta rufe ido, ta ɗauko wani siririn tsinken roba kamar zaren kamun kifi.

"Hajiya, in kin ji na taɓa ki, ki ce e."

"E," in ji Umma.

"Ai ban taɓa ba tukuna."

"To na ji kina niyya."

Duk layin aka kwashe da dariya. Amma da Sista ta taɓa da gaske, ƙarƙashin babban yatsa, da tsakiya, da gefe, Umma shiru, ido a rufe, tana jira a fara. Ni ina kallon tsinken yana lanƙwashewa a jikin fatarta. Sista ta daina dariya, ta juyo gare ni.

"Ke ce 'yarta? Kin yi makaranta? To saurara. Suga ya taɓa jijiyoyin ƙafar mahaifiyarki, ba ta jin abin da ke samunta a nan. Ƙaya za ta iya shiga ta kwana uku ba ta sani ba. Daga yau ke ce idonta. Kullum ki duba tafin, ki buɗa tsakanin yatsu. Kada ta taka ƙasa babu takalmi, ko a tsakar gida ne. Ki zazzage takalmin kafin ta sa. Ruwan wanka ki fara tsoma gwiwar hannunki a ciki. Ko ƙwarzane kika gani ki kawo ta, kada ki jira ranar kati."

Na riƙe maganar nan kamar karatun jarrabawa. Kullum bayan la'asar Umma ta miƙe ƙafa a kan tabarma, in ɗora a cinyata, in duba, in shafa mata mai a dunduniya inda faso yake. Tana mita, "Auta, kin mayar da ni jaririya," amma ba ta janyewa. A lokacin ne take ba ni labarin ƙuruciyarta a ƙauye, yadda suke tsinkar gyaɗa da kaka, yadda wata akuyar kakarta ta taɓa cinye mata ɗankwalin Sallah a kan igiya. Shekara ɗaya da rabi ban tsallake rana ba. Wallahi ban tsallake ba.

Sai bikin 'yar Gwaggo ya taso a Kiyawa, tsakiyar damina. Gwaggo yayar Baba ce, siririya kamar kara, ita da Umma ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Muna sauka daga adaidaita ta fito tana tafa hannu.

"Ku buɗe ƙofa biyu, tirela ta iso!"

"Ta iso da kayanta, Yaya. Ke kuma tsinken sakace, har yau iska ba ta ɗauke ki ba?"

Ranar ƙunshi aka tashi da ruwa, tun safe ake yayyafi, gari ya yi sanyi. Bayan azahar mata suka taru a babban ɗakin Gwaggo. 'Yan mata zanen fulawa ake yi musu, manya kuwa na gargajiya suke so, a lafta lalle a tafin ƙafa har gefe, a naɗe da leda a ɗaure da tsumma. Umma ta daɗe rabonta da ƙunshi. Na ce mata, "Umma, anya kuwa?"

"Sista ta hana ni sukari, ta hana ni tafiya ba takalmi. Kin ji ta ce lalle?"

Na yi tunani, ban ji ba. Lalle ganye ne, sanyi gare shi. Kuma na ga irin kallon da take yi wa ƙafafun sauran mata. Na ce to ni zan yi mata da hannuna, don kada wata ta ɗaure ta da ƙarfi. Na wanke ƙafar, na duba, lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Na lafta lallen, na naɗe da leda, na ɗaura tsumma sako-sako.

Da sanyi lalle ba ya kamawa da wuri, kowace mace ta san wannan. Gwaggo ta sa aka kawo kasko biyu cike da garwashi aka ajiye a tsakiyar ɗaki, mata suka kewaye suna miƙa ƙafa. Haka muka taso muka ga ana yi: ki kara ƙafa kusa da wuta, in zafi ya ratsa ledar ki janye, ya huce ki mayar. Ɗakin ya cika da "wash!" da dariya, wannan ta janye, waccan ta mayar. Umma tana can gefe a kan kujera 'yar tsuguno, ta ce ita ɗumin ba ya zuwa wurinta, masu ƙananan ƙafa sun tare. Na tashi, na kama bakin kaskon da tsumma, na jawo shi har gaban ƙafarta ta dama. Ni na jawo shi.

Sai aka kira ni waje in taya yankan albasa. Na sha zama ina ƙoƙarin tuna tsawon lokacin da na yi a can, na kasa. Da na dawo na tarar ƙafarta tana nan inda na bar ta, mata suna yaba mata.

"Kun ga jarumai," in ji Gwaggo. "Mu muna ta tsalle-tsalle, ita ko gezau. Ai ƙafar tirela taya ce."

Umma tana dariya, tana jin daɗi. "Ku ne ragwaye. Wannan ɗan ɗumin?"

Ni ma dariyar na yi. Na san maganar ruwan zafi, kullum ina tsoma gwiwar hannuna a bokiti. Amma kaina bai haɗa ruwan wanka da kaskon ƙunshi ba. Sista ruwa ta ce, ni kuma abin da aka faɗa na haddace.

Da yamma ni na kwance mata. A wajen yatsu ledar ta narke, ta yamutse ta manne. Na tsaya da kwancewar. Na ɗaga kai na dube ta, tana hira tana ɓare gyaɗa. Na ce a raina ai da ta ƙone da ta faɗa. Na ɓanɓare ledar a hankali, na dunƙule na cusa a cikin shara. Aka wanke, aka shafa gishirin lalle da toka don ya koma baƙi. Na Umma ya fi na kowa kamawa, baƙi wuluk, har amarya sai da ta leƙo ta gani.

Washegari ta sa sabon takalmi mai rufi ta yini a tsaye. Da aka fara kiɗan ƙwarya ta ɗaure gyale a ƙugu ta shiga fili, atamfarta shuɗiya, gumi a goshinta, mata suna rangaɗa guɗa, Gwaggo tana zagaya ta tana yi mata fifita da faifai. Ban taɓa ganin ta yi kyau kamar ranar ba. In na rufe ido wannan nake gani. Ba na son ganinsa, kuma ba na son ya tafi.

Kwana uku muka yi a Kiyawa, bayan ƙunshin ban duba ƙafar ba ko sau ɗaya. Hidima ta yi yawa, ɗaki cike da baƙi, kuma na ji nauyin ɗora ƙafar uwata a cinya a gaban dangin Baba, kada su ce mun cika iyayi. Da muka dawo Takur na duba. Tafin baƙi ne gaba ɗaya, me zan gani? A ƙarƙashin yatsu uku fatar ta taso, ta yi laushi. Na danna, ta ce ba ta jin komai. Ta ce lalle ne ya ci wurin da yawa, haka yake yi, zai saɓule da kansa. Na yarda, don ina so in yarda.

Kwana biyu bayan nan bororon ya fashe. Na ce mu tafi asibiti.

"Sista za ta yi mini faɗa a gaban mutane, ta ce wa ya aike ni. Bari lallen ya ɗan goge tukuna. Ranar kati ai ta kusa."

"Umma, ta ce kada mu jira ranar kati."

"Ni na haife ki ko Sista?"

Na bar maganar. Gaskiyar magana ni ma tsoron Sista nake ji, don ni za ta tambaya. Muka wanke da ruwan gishiri, muka shafa man kaɗanya, muka ɗaure da ƙyalle. Ba mu gaya wa Baba ba. Ta ci gaba da takawa a kai, tana girki tana zirga-zirga, tunda ba ya yi mata ciwo. Da na ce zan kwance in gani sai ta ce ta riga ta wanke da kanta.

Rana ta shida da dawowarmu na shiga gaishe ta da safe na tarar ba ta tashi ba, jikinta zafi rau, tana rawar sanyi. Wani wari ne a ɗakin da ban taɓa jin irinsa ba. Na kwance ƙyallen. Yatsu biyu sun canza, baƙinsu ba irin na lalle ba ne, mai toka-toka ne, ƙafar ta kumbura har idon sawu, saman ya yi ja inda lalle bai taɓa ba. Na soki yatsan hannunta na gwada, na'urar ta ƙi nuna lamba, abin ya wuce inda take iya aunawa. Na fita a guje babu mayafi, na tsayar da Baba a ƙofar gida yana shirin tafiya aiki.

A asibiti aka ba ta gado a ɗakin mata. Ƙarin ruwa, allurai ta jijiya, aka dakatar da ƙwayoyinta aka koma insulin, ana gwada jini sau huɗu a rana. Likitan tiyata ya zo ya kankare mataccen naman, Umma tana kallon sama ko motsi ba ta yi ba, ni ce na fita na yi amai. Ya ce wannan ya yi kama da ƙuna, ko ta taka wuta? Umma ta ce ita ba ta taka wata wuta ba. Na riga na dawo ina tsaye a wurin, na ɓoye abin da na sani.

Sista ta ji labari ta zo. Ta daɗe tana kallon ƙafar hagu, mai lafiyar, da baƙin lallenta. Sannan ta yafito ni zuwa baranda.

"Kasko?"

Na gyaɗa kai. Ta cire gilashi ta goge da bakin hijabinta.

"Ba ku ne na farko ba. Kullum ina cewa ruwan zafi, ruwan zafi. Ban taɓa cewa kasko ba."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kwana huɗu ana wankin ciwon, baƙin sai ƙara hawa yake. Likita ya tara mu a bakin gado, ni da Baba da Gwaggo, da ta zo daga Kiyawa da kwanon abinci. Ya nuna da biro a kan takalminsa. Ya ce in aka cire gaban ƙafar yanzu, daga yatsu zuwa tsakiya, akwai fatan a tsira da dunduniya, tunda jini yana zuwa can, kuma wata rana za ta taka. In aka jira, sai dai ƙasan gwiwa. In kuwa ya shiga jini, to ba maganar ƙafa ake yi ba kuma. Ya ce gobe yake so a yi.

Umma ta ce ba ta yarda ba. "Yadda Allah ya ba ni ita, haka zan mayar masa."

Baba ya yi lallashi, ya ce neman magani ba saɓo ba ne. Ta juya fuska bango. Likita yana fita Gwaggo ta matso ta rage murya.

"Wannan ba ciwon asibiti ba ne. Baki ne. Irin rawar da ta yi ranar nan, kowa ido a kanta, ba mai cewa tubarkalla. Mace ta je biki lafiya lau, ta dawo ƙafa ta kama ruɓewa haka kawai? A sallame mu. Akwai mai magani a bayan garinmu, da garin itace yake warkar da gyambo, ba a taɓa yanke wa kowa ko farce a wurinsa ba."

"Yaya, don Allah," in ji Baba.

"Kai ka cika sanyi. Matarka za a gutsure kana cewa don Allah."

Na ga Umma ta juyo tana sauraro. Maganar ta shige ta, don ita a saninta babu abin da ya sami ƙafar. Ba ta taka ƙusa ba, ba ta yi tuntuɓe ba. Abin da ya zo babu dalili kuwa, a wurinta daga mutane yake.

Aka kira la'asar, Baba ya tafi masallaci, Gwaggo ta bi shi waje tana ci gaba da magana. Umma ta ce, "Haɗa mana kayanmu, Auta."

Ban taɓa ce mata a'a ba tunda aka haife ni. Na durƙusa a gefen gadon, na riƙe ƙarfensa.

"Umma, ba baki ba ne. Ba wanda ya yi miki komai. Wuta ce. Ni na jawo kaskon gabanki na tafi na bar ki. Da na zo kwance miki, ledar ta narke ta manne a yatsunki. Na ɓanɓare na cusa a shara don kada a gani. Ni ce, Umma."

Ta zuba mini ido.

"Ledar ta narke?"

"Ta narke."

"A ƙafata?"

"A ƙafarki."

Ta ɗaga kai ta dubi ƙafar a cikin bandeji kamar ta wata ce aka ajiye mata a gado. "Ban ji ba. Wallahi ko ɗumin ban ji ba, Auta. Don kada a yi mini dariya na ce ina ji." Ina ganin a lokacin ne ta gaskata abin da Sista ta faɗa tun ranar tsinken roba.

Kuka nake yi sosai, har matar gadon kusa ta tashi zaune.

"Ke, yi mini shiru, mutane na kallonmu. Ni na ce ɗumi ba ya zuwa wurina." Ta numfasa. "Yanzu in na bi Yaya ƙauyen nan na mutu a can, cewa za ki yi ke kika kashe ni, ko?"

Na share hawaye da bakin mayafina.

"Na san halinki. Har ki tsufa kina faɗa. Tashi ki kira mini Babanki."

Ita da kanta ta gaya musu. Gwaggo ta zauna a bakin gadon daɓas, ta rufe fuska da gyale. "Ni na sa aka kawo kaskon. Ni na riƙa zuga ki."

"To ku yi layi kowa ya karɓi rabonsa," in ji Umma. "Ƙafar dai tawa ce. Malam, ina takardar?"

Ta dangwala yatsa, Baba ya sa hannu. Da safe aka tura ta tiyata. Ni da Gwaggo muka zauna a benci ɗaya, tana jan carbi. Wajen azahar likita ya fito ya ce dunduniya tana da jini mai kyau, sai dai ciwon mai suga ba ya saurin rufewa, kada mu yi murna tukuna.

Mako biyar muka yi a asibiti. A can na koyi yin allurar insulin a fatar ciki, ina canza wuri kullum. A can aka koya mini cewa suga yana iya faɗuwa ƙasa ma, in na ga gumi da rawar jiki da magana tana harɗewa in yi maza in ba ta sukari. Ni da na shekara uku ina ɓoye mata sukari, yanzu da ƙulli nake yawo a jaka. Sau biyu ciwon ya kawo ruwa aka sake buɗewa aka wanke. Duk safiyar da nas ta fara warware bandeji sai in matso, ina neman baƙi a bakin ciwon.

Da muka dawo gida aka ce kada ta taka ko kaɗan. Ana kai ta wankin ciwo, a dawo da ita gado. Kwalbar insulin tana cikin gwangwani a kan jiƙaƙƙen yashin gindin randa, don wutar lantarki ba ta da tabbas. Umma ta rame. Zaninta yanzu har ya yi mata yawa. Likita ya ce sugan ya daidaita, nauyin da ta rage zai taimaki ƙafar da ta saura. Masu zuwa dubiya kuwa sai su ce, "Ayya, Hajiya, kin zube." Ta ce musu, "Likita ya samu abin da yake nema."

Gidan ya yi shiru. A zaune take sallah. An yi suna a bayan layinmu ta aike ni a madadinta, na zauna a cikin mata da ɗan sabulun barka a hannu, ban san inda ake sa baki a hira ba, duk wadda ta gan ni sai ta ce ina mutuniyar. Na dawo ta ce in ba ta labari, wa ya zo, me aka dafa, wa ta sa wane zane. Na faɗa a jimla uku na ƙare. Da ita ce ta je, da har isha muna dariya. Ta ce, "Ke dai ba ki iya zuwa unguwa ba," ta juya ta kwanta. Faɗanta ma kewarsa nake yi. Da, in na bar tukunya a jiƙe sai unguwa ta ji. Yanzu komai na yi sai ta ce sannu, wannan sannun kuwa tsoro take ba ni.

Ƙafar hagu sau uku nake duba ta a rana. Wani lokaci ina tsakiyar tuƙa tuwo sai in ajiye muciya in tafi in sake dubawa. Kurfoti ko kasko ba ya shiga ɗakinta, ko na turaren wuta.

Makon jiya likita ya ce ciwon ya rufe, saura ɗan wuri kamar farce. Aka ba ta wani takalmi mai taushi da aka cike gabansa, da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Ya ce ta fara da taku kaɗan a rana, a kan dunduniya, kuma a duba wurin bayan kowace tafiya.

Jiya da hantsi ta ce in kawo ƙarfen. Na sa mata takalmin, na zagaya ta baya na riƙe ƙugunta, ta yunƙura ta miƙe. Jikinta rawa yake yi. Ta tura ƙarfen gaba, ta ja ƙafar dama, ta dire ta a hankali. Ta sake. Daga gado zuwa ƙofar ɗaki ba nisa, amma sai da gumi ya jiƙa mata wuya.

"Sake ni."

"Umma, za ki faɗi."

"In kina riƙe da ni ta yaya zan san ko ni ce nake tafiyar? Sake ni, na ce."

Na buɗe hannuna, amma ban janye su ba, suna nan kewaye da ita, ba su taɓa zanin ba. Ta yi taku ɗaya. Ta tsaya tana haki. Ta yi na biyu, ta yi na uku, ta kai bakin ƙofa ta ɗaga labule da kanta. Rana ta faɗo mata a fuska, ta lumshe ido. Ta daɗe tana kallon tsakar gidan, daga bakin murhu har gindin darbejiya.

"Auta."

"Na'am, Umma."

"Wannan ce sharar da kike yi tunda na kwanta?"